Daga Yama zuwa Dandaji: Tarihin Maginan Adar

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙonni zai tafi Tawa, idan ya kai Tsarnawa sai ya karya arewa. Daga nan ƙasa takan sauya kama: tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, jan fako, duwatsu warwatse ko'ina, sa'annan can gangare ka hango kwari mai ɗanyen ganye inda ruwan damina ke kwanciya. Adar ke nan. Ba nisa da Badagishiri, cikin gundumar Illela, akwai wani gari da ake kira Yama. A garin akwai masallacin Juma'a na ƙasa mai hasumiya huɗu, wanda hotunansa ke cikin littattafan da ɗaliban zanen gini ke karantawa a Turai da Asiya. Wanda ya gina shi manomi ne kuma magini, mutumin yankin, sunansa Falke Barmu. A ganina, cikin duk ayyukan fasaha da aka yi a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai wannan cancantar a yi tattaki dominsu, kuma ya kamata kowane ɗan makaranta tsakanin Ƙonni da Malbaza da Illela ya san labarinsa.

Sai dai kafin a zo kan masallacin, ya kyautu a san ƙasar da ta haife shi. A ƙarshen ƙarni na 17 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubaraku, ya karɓe Adar da yaƙi daga hannun Kabi. Daga baya da rikicin sarauta ya raba shi da gadon Agadas, sai ya dawo Adar ya zauna, kuma daga zuriyarsa ne sarakunan Adar na Illela suka fito. Illelar Adar nake nufi, ba Illelar Amarawa ta jihar Sakkwato ba, wadda ke kallon Ƙonni ta tsallaken iyaka. Farfesa Djibo Hamani ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa. Ƙonni kuwa tsohon birni ne mai ganuwa, mahaɗar fatake da malamai. A ƙasarta kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, suka daɗe zaune, kuma a Maratta, wajen Galmi ta yau, aka haifi Shehu a 1754. A 1804, shekarar da aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'arsa suka ci Matankari da Ƙonni.

Babbar masifar da ta faɗa wa Ƙonni ta zo ne a watan Mayu na 1899. Rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, tana kan hanyarta zuwa tafkin Chadi, bayan ta kara da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, sai ta auka wa Birnin Ƙonni. Aka karkashe mutane ba adadi, aka cinna wa gari wuta. Ɓarnar rundunar ta yi yawa har gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da ita, su kuwa suka harbe shi a watan Yuli, kwanaki kaɗan kafin sojojinsu su juya musu baya su kashe su a wajen Maijirgi. Garin da aka yi wa haka ba ya bar wa jikoki akwatunan littattafai da ƙyamaren sassaƙa da sirdin sarakuna da za a jera a gidan tarihi. Abin da wuta ba ta ci ba shi ne abin da ke cikin kai da hannun waɗanda suka tsira: yadda ake kwaɓa ƙasa, yadda ake ɗaga bango, yadda ake haƙa rijiya a kwari a shuka albasa. Da wannan aka sake tayar da Ƙonni, kuma irin wannan gado ne ya kai ga hannun Falke Barmu.

A 1962, shekara biyu bayan Nijar ta sami 'yancin kai, dattawan Yama suka yanke shawarar cewa lokaci ya yi da garinsu zai sami masallacin Juma'a nasa. Ba su nemi ɗan kwangila daga Yamai ba. Suka ɗora aikin a wuyan Barmu, suka kuma raba nauyi gida gida. Wannan ya yi tubali, wancan ya ɗebo ruwa, wani ya shiga daji neman itace, mai hali ya ba da hatsi ko kuɗi. Gayya ce irin wadda aka saba yi a gona, aka juyo da ita kan ɗakin Allah, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ginin farko ba shi da wani ado. Ɗakin salla ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai jere a ciki suna ɗauke da rufi, mihirabi ya turo ta bangon alƙibla. Amma wanda bai taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ba zai iya raina aikin da ke cikin wannan. Sai an san ramin da ƙasarsa ke da danƙo da wanda tasa ke da yashi. A jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattaka da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta yi laushi, sa'annan a yi tubali a shanya. Bango ba a ɗaga shi rana ɗaya. Sahu sahu ake ɗorawa, ana jira na ƙasa ya sha iska kafin a ɗora masa wani. Gindi ya yi kauri, sama ya tafi yana sirancewa. Maginin Hausa ba ya zuwa da takarda. A ƙasa yake shata gini da ƙafarsa ko da sanda, sauran lissafin kuwa yana cikin kansa da idonsa.

Shekara 13 masallacin ya yi a haka. A 1975 rufin ya buƙaci gyara. A lura da wannan shekara da kyau. Fari na 1973 zuwa 1974 bai daɗe da wucewa ba, dabbobi sun mutu, rumbuna sun koma wayam, samari sun bazama ci-rani, gwamnatin Diori Hamani ma ta faɗi a watan Afrilun 1974 ana tsakiyar wannan hali. A irin wannan lokaci ne mutanen Yama suka sake haɗuwa kan masallacinsu, kuma Barmu bai tsaya ga toshe yoyo ba. Ya yaye tsohon rufin, ya ɗaga sabo a kan bakan gizo, ya kuma tayar da tulluwa a tsakiyar ɗakin salla.

Bakan gizo shi ne ƙololuwar gwanintar maginin Hausa. A Kano da Zariya da azara ake yin sa, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, a jera ta tana turowa daga bango kaɗan kaɗan, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'ar Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Adar kuwa ba ƙasar giginya ba ce. Barmu ya yi aiki da abin da dajinsa ya ba shi: sanduna ake tattarawa a ɗaure dami dami, a lanƙwasa, a binne cikin ƙasa, su zama ƙashin bakan. Nan ne nake ganin girman mutumin. Ya san abin da magabata suka yi a manyan birane, bai kuma ce tunda babu azara babu baka ba.

Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Babu biyu cikinsu da suka yi kama. Kowace ta taso da faffaɗan gindi, ta tafi tana tsukewa hawa hawa, da nata tagogi da nata zankwaye da nata irin kai. Mai zanen zamani zai iya cewa a daidaita su su zama iri ɗaya. Barmu ya bar kowace ta fito da halinta, amma idan ka tsaya daga nesa sai ka ga gini ɗaya ne ba ya gardama da kansa. Shekara 20 ke nan daga tubalin farko zuwa hasumiyar ƙarshe, magini ɗaya da gari ɗaya.

A 1986 aka ba masallacin Yama lambar Aga Khan ta zanen gini, wadda aka kafa a 1977 ake kuma bayarwa duk shekara uku ga fitattun gine-ginen al'ummar Musulmi. A Marrakesh ta Maroko aka yi bikin. Cikin ayyukan da aka karrama tare da shi a wannan zagaye akwai gyaran Masallacin Ƙudus, da raya tsohon garin Mostar na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci, da masallacin Bhong na Pakistan. A wannan sahu aka sa aikin manomin Adar. Barmu bai tsaya a Yama kaɗai ba. Ya yi gine-gine a wasu garuruwan yankin, ya kuma horar da yara da suka tashi ƙarƙashinsa suna miƙa masa tubali har suka zama magina.

A shekarun da ake wannan aiki, wani abu kuma yana tasowa a kudu kaɗan. A tsakiyar shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki, ita ce ta farko a Nijar. Ƙasa na buƙatarta, babu shakka. Ba a gina gada ko madatsar ruwa ko ɗakin tiyata da tubali. Amma sannu a hankali daraja ta koma kan bulo da kwano. Wanda ya dawo ci-rani daga Abijan ko Legas da ɗan abin hannu, burinsa ya rushe soron ubansa ya yi na siminti, ko da kuwa zai kwana waje a watan Afrilu saboda zafin kwano. Ginin ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane. Abin da ya fi ɓarna ma shi ne shafe bangon ƙasa da siminti da sunan kare shi: danshi ya shiga ya rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki, wata rana feshin ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Yaron da da zai gaji ubansa a ginin ƙasa sai ya koma koyon jera bulo, don nan abinci yake.

Nijar ba ta rasa masu hangen wannan matsala tun da wuri ba. A 1959 aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, da ƙoƙarin Boubou Hama, wanda yau gidan ke ɗauke da sunansa, da wani masani mai suna Pablo Toucet. Ba su yi shi ɗakin ajiya kawai ba. Fili ne mai faɗi da itatuwa da namun daji, da rumfunan nuni masu zanen bango irin na Hausa, da samfurin gidajen ƙabilun ƙasar, da kututturen bishiyar nan ta Tenere da mota ta kaɓe a 1973. Mafi muhimmanci, sun tanadi wurin da maƙera da dukawa da masaƙa ke zaune suna aiki baƙo na kallo yana saye. Sun gane cewa sana'a da mai ita ake adana ta. Sai dai maƙeri na iya ɗaukar uwar maƙerarsa ya koma Yamai. Magini kuwa aikinsa na nan inda ya kafa shi, damina na dukansa kowace shekara.

A nan ne labarin Japan ke da amfani gare mu. Miliyoyin mutane ke zuwa birnin Kiyoto kowace shekara don gidajen tarihi da lambunan gargajiya. Birnin ya kasance fadar sarakunan ƙasar daga 794 har 1868, gidan tarihinsa na ƙasa an buɗe shi a 1897, na Tokiyo kuwa tun 1872. Lambun da ya fi suna a Kiyoto, na Ryoanji, ba shi da fure ko ɗaya. Fili ne da bai wuce tsakar gidan mai hali ba, an shimfiɗa masa farar tsakuwa ana tsefe ta da manjagara, an dasa duwatsu 15 ta yadda duk inda ka zauna a baranda ba ka ganin su duka a lokaci guda. Katangar da ta kewaye shi kuwa ta ƙasa ce, yumɓu aka kwaɓa da mai, shekaru suka fito mata da launi. Mutane na ketare teku su zauna shiru suna kallon duwatsu da bangon ƙasa, a ƙasar da ke ƙera Toyota.

Ba haka kawai abin ya tsira ba. A 1949 gobara ta lalata tsofaffin zanen bango na wurin ibadar Horyuji, abin ya girgiza ƙasar, kuma a 1950 majalisarsu ta yi dokar kare kayan al'ada. Dokar ba ta tsaya kan gine-gine da kayan cikin gilashi ba, ta haɗa da gwanintar da ke hannun mutum. Daga 1955 gwamnati ta fara zaɓen gwanayen sana'a, masu tukwane da masaƙa da maƙera da makaɗa, tana ba su matsayi na musamman, kuma a yau kowannensu na samun tallafin yen miliyan 2 a shekara don ya ci gaba da aiki ya kuma horar da magada. A Ise, babban wurin bautar addininsu na gargajiya, duk shekara 20 sai an sake ginin sabo fil da katako irin na da. Na baya-bayan nan a 2013 aka yi, karo na 62. Addininmu daban da nasu, amma hikimar a fili take: shekara 20 ta isa yaro ya koya a hannun tsoho, ya dawo yana jagora, sa'annan ya koyar kafin ƙarfinsa ya ƙare. Saboda irin wannan fahimta ne taron masana da aka yi a Nara a 1994 ya amince cewa ba a auna sahihancin gini da tsufan kayan jikinsa kaɗai. Al'adar da ke sabunta shi ma abin lura ce. Wannan matsaya ta yi wa masu ginin ƙasa daidai, daga Jenne ta Mali inda gari ke fitowa yaɓen masallaci kowace shekara, har Agadas da ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Game da lambu kuwa, namu ba na kallo ba ne, na ci ne, amma wanda ya tsaya bakin garka a Galmi cikin sanyin Janairu ya san akwai kyau a ciki: fangali jere a miƙe, ruwa na bin ƙorama daga wannan zuwa wancan, ganyen albasa kore shar, rudu na jiran amfanin da za a adana. Albasar Galmi ta kai kasuwannin Akara da Abijan da sunan garinta. Gandarin Ƙonni, mai faɗin fiye da hekta 2,000, yana shan ruwan Majiya ta madatsun Mozage da Zango tun wajen ƙarshen shekarun 1970. A Illela kuma, a ƙarshen shekarun 1980, wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso sun ga yadda ake haƙa ramuka a fako a zuba taki, suka dawo suka inganta tassa, wato irin ramukan nan nasu na gida, har fakon da aka yi watsi da shi ya koma gona ana saye ana sayarwa. Mutanen da suka iya rayar da fako ba za su kasa rayar da bango ba.

An kuwa ga misali a Dandaji, ƙauyen gundumar Illela inda aka haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou. Tsohon masallacin garin aikin Falke Barmu ne, amma ya tsufa ya lalace, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har ana batun rushe shi. Wasu mata biyu masu zanen gini, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuwa a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan da suka yi aikin farko suka shiga gyaran. Sabon masallacin, mai ɗaukar kimanin mutum 1,000, da tubalin jar ƙasar yankin aka yi shi, wanda ake matsawa da inji ba a gasa ba, an kuma yi masa rufi mai tulluwa irin na gargajiya da tsayin da ke fitar da zafi. Tsakanin gine-ginen biyu aka dasa itatuwa, ana shayar da su da ruwan saman da ake tarawa a tankin ƙarƙashin ƙasa. Aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. An kammala a 2018, kuma aikin ya ci lambar zinariya ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa ta duniya a shekarar da ta biyo. Yau yara maza da mata na karatu ƙarƙashin bakan gizon da Barmu ya ɗaga. Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin magina da masu digiri sun tsaya kan bango ɗaya kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa.

Amma Dandaji gari ɗaya ne. A watan Agustan 2023 wani ɓangaren masallacin Zariya, aikin Babban Gwani, ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19. Ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Indararo ɗaya da ya toshe, ko tsaga ɗaya da aka bari damina ta same ta, ya isa. Tun 2006 Nijar ta sa masallatan ƙasa na jihar Tawa cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su, amma suna a takarda ba ya yaɓe bango.

Don haka kirana ga hukumomin jihar Tawa, da fadar Sarkin Adar, da fadar Sarkin Ƙonni, da hukumomin garuruwan Illela da Badagishiri da Malbaza: a nemo maginan da suka koya a hannun Barmu da almajiransu tun suna raye, a rubuta sunayensu, a ɗauki aikinsu a hoto da murya. A ware musu wani abu a kasafin kowace shekara, da sharaɗin kowane ya riƙe yara yana koya musu. A sa ranar yaɓen masallacin Yama bayan kaka, a yi shela a gidajen rediyo, 'yan ci-rani su san da ita su aiko da nasu. Idan za a gina aji ko ɗakin shan magani a ƙauye, a ba maginan ƙasa rabonsu na aikin. Malaman makaranta na Ƙonni da Galmi da Illela kuma, ku nemi mota ku kai ɗalibanku Yama da Dandaji kafin damina mai zuwa.